DILLALIN DA BA SHI DA LA'ADA

Duk wanda ya ratsa unguwar Bolari ta cikin garin Gombe bayan an idar da sallar lisha, da wuya ya wuce majalisa uku bai ga abin nan ba. Zai tarar da mutum biyar ko shida sun haɗa kawunansu wuri guda kamar masu rabon gado, hasken 'yar waya yana haska musu fuska, shayi kuwa yana can yana hucewa a kofi ba mai waiwayarsa. Jim kaɗan sai ya ji an tuntsire da dariya baki ɗaya, wani har da buga ƙafa a ƙasa, wani yana share ƙwalla da hannun riga. Kafin dariyar ta lafa sai ya ji maganar da ta zama ruwan dare a wannan zamani, watau, "Don Allah tura mini." Nan take a tura masa. Shi kuma kafin ya kai gida ya riga ya tura wa abokan sana'arsa, da 'yan ajinsu na firamare, da surukinsa da ke Kumo, da ƙanwarsa da ke aure a Bajoga.

In mai wucewa ya leƙa don ya ga abin da ake kallo, sau da yawa zai tarar talla ce. Wani lokaci ɗan wasan barkwanci ne yake shan ludayi a ka daga hannun matarsa, saboda ya sayo mata garin da ba shi ta aike shi ba. Wani lokaci kuwa zane ne mai motsi, irin wanda yara ke kira katun: ga bunsuru da hula zanna yana taya kaya a kasuwa, ko ƙadangare ya goyo kwaɗo a kan acaɓa, an sa musu murya da Hausa, har da karin harshen mutanen Gombe. Daga ƙarshe sai sunan haja ya fito, da lambar waya a ƙarƙashinsa. Akwai samari a Bolari da suka tara irin waɗannan fiye da yadda iyayensu suka tara kaset-kaset na Shata, kowa kuma da gwanarsa wadda ba ya gajiya da nuna wa baƙo.

Haɗa talla da ban dariya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kafin a san rediyo, gardi da ɗan kama da mai maganin kunama sun san sai an tara jama'a da raha kafin a kwance bakin jaka. Da majigi ya zo a zamanin Turawa, shi ma wannan hanya ya bi. Mota ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, da almuru a fara da abin da zai sa yara ihu, sa'an nan a shigo da abin da aka zo dominsa. Dattawan ƙasar Gombe, da yake ƙasar auduga ce, ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba, wanda aka shirya don jawo hankalin manoma ga gyara noman auduga. Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, daga nan kuwa talla ta sami ƙafa ta shiga har ƙuryar ɗaki. Omo da Bournvita da Cafenol da keken Raleigh, duk ta bakin rediyo yawancin mutanen karkara suka fara jin sunansu. Gwamnati ita ma ba a bar ta baya ba. Sa'ad da aka koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, da sa'ad da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ran 1 ga Janairu 1973, da waƙa da wasan kwaikwayo aka koya wa talakawa, domin an san abin da ya shiga da dariya ya fi zama a ka.

Amma fa a wancan zamani talla tana da ƙofa guda da take bi, ƙofar kuma tana da mai gadi. Wanda ke son a yi masa talla sai ya taka da ƙafarsa zuwa gidan rediyo, a Kaduna ko a Bauchi, domin Gombe ba ta zama jiha mai cin gashin kanta ba sai a 1996. Zai rubuta sunansa da inda yake, ya biya kuɗi, a karanta abin da ya kawo a ga ko ya dace da kunnen jama'a. In an yi ƙarya, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A 1988 ma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma musamman, watau APCON, don ta sa ido a kan sana'ar talla baki ɗaya. Mai sauraro kuwa iyakarsa ya ji ya yi dariya. In ya so ya maimaita wa abokinsa da baki, sai dai ba shi da ikon ɗaukar tallar cak ya kai ta gidan wani.

Wayar hannu ce ta rushe wannan katanga. Ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba aka fara samun masu ɗaukar hoto da bidiyo, sai ga Bluetooth, sai ga shagunan masu tura waƙoƙi da finafinai a memori a kowace kwana. Masu shekaru talatin zuwa sama za su tuna da kyanwar nan Talking Tom, wadda wani kamfani na ƙasar Sulobeniya ya fitar a 2010. Duk abin da aka faɗa mata sai ta maimaita da 'yar siririyar murya, yaran Arewa kuwa suka sa ta yin Hausa da Fillanci, har da yi wa kishiya habaici. Za su kuma tuna da abin da ya faru a watan Afrilu na 2013, lokacin da aka ba mutane damar sauya kamfanin waya ba tare da sun sauya lamba ba. Ɗan wasan barkwancin nan Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, an saba ganinsa yana yi wa Etisalat talla, kwatsam sai ga shi a tallar MTN, ya fara da koren kaya ya ƙare da ruwan ɗorawa, yana tiƙar rawa. Cikin 'yan kwanaki tallar ta gama ƙasa, har ta kai hannun mutanen da ko akwatin talbijin ba su da shi. Masu sana'ar talla ba su yi barci ba, sun ga darasin sarai: in ka iya sa mutum dariya, shi da kansa zai ɗauki kayanka a ka ya yi maka yawo da su, da datarsa, da cajinsa.

Don mai karatu ya gane darajar wannan aiki da ake yi kyauta, sai ya duba Amurka. A wasan ƙarshe na ƙwallon ƙasar, wanda suke kira Super Bowl, a 2023 da 2024 kamfanoni sun biya kimanin dala miliyan 7 don a nuna tallarsu ta rabin minti kacal. Abin da suke saye da wannan maƙudan kuɗi shi ne idon jama'a. To, a Bolari ana ba da idon jama'a ba ko sisi, har a haɗa da wani abu da ya fi ido tsada, wanda dala miliyan 7 ba ta iya saye, watau shaidar ɗan'uwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Kowane ɗan kasuwa ya san matsayin dillali. A kasuwar shanu, ko a Tudun Hatsi inda ake hada-hadar masara da wake, mai saye bai san mai sayarwa ba, dillali ya sani. Shi ke tsayawa a tsakani ya yaba haja, ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Amma la'adar nan ba ta banza ba ce. Ran da aka gane saniyar ta sata ce, ko buhun an cika ƙasansa da tsakuwa, wuyan rigar dillali za a fara kamawa. Saboda haka dillalin kirki ba ya yabon abin da bai duba ba, sai ya buɗe bakin dabba ya ga haƙori, ya soka buhu ya ga ƙwaya. Wanda ya tura talla daga wayarsa zuwa wayar wani ya shiga wannan matsayi, ko ya sani ko bai sani ba. Sunansa ne ke bisa saƙon, hotonsa ne ke gefe. Sai dai shi bai ga haƙori ba, bai soka buhu ba, la'ada kuwa ko ta goro bai samu ba.

Wani zai ce ai wannan tsawaita magana ce, wanda ya tura katun don dariya ya tura, wanda aka tura wa ma ya san haka. Ga abin da ya faru a wani gida a nan Bolari, mai karatu ya auna da kansa.

Wani tela ne, saurayi mai son raha, wanda duk majalisarsu ta sallama masa wajen tara tallace-tallacen ban dariya. Wata rana ya sami wani katun na wani tsoho mai ciwon sukari wanda matarsa ta hana shi komai, ta ɓoye zuma, ta kulle dabino a akwati, shi kuma yana bin dare yana satar rake kamar ɓera. Daga baya tsohon ya sha wani magani na gargajiya a kwalba, sai ga shi yana tsere da jikokinsa, yana cin alkaki gaban matar tana zare ido. Telan ya yi dariya har cikinsa ya ƙulle. Da yake tsohon cikin katun ɗin ya yi kama da baffansa, ƙanen mahaifinsa, wanda ya yi ritaya daga aikin reluwe, kuma shi ma matarsa tana tsare shi a kan abinci, sai ya tura masa don tsokana irin ta ɗa da uba. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ma manta.

Dattijon nan shekararsa tara yana shan ƙwayoyin asibiti, ya gaji da su, ya gaji da kuɗinsu da ke hawa kullum. Ya kalli katun ɗin sau biyu, ya kwafe lambar da ke ƙarshe, ya buga. Aka amsa masa da ladabi, aka ce kwalba uku ke raba mutum da ciwon har abada, da sharaɗin ya ajiye maganin Bature don kada su yi karo. Ya tura kuɗi, direban wata mota ya kawo masa saƙo tasha. Bayan mako biyar aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti da tsakar dare, sukari ya hau, wani ɗan ƙurji da ke yatsan ƙafarsa ya zama gyambo. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ya bar yatsa biyu a can, iyali kuma suka sayar da tumakin da ake turke da su don Sallah. Lambar wayar kuwa tun daga ranar ba ta ƙara shiga ba.

Da telan ya je dubiya, ya durƙusa gefen gado ya ce, "Baffa, yaya za ka bar maganin likita saboda zanen yara? Ai wasa ne." Dattijon ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ni ban san mai zanen ba. Kai na sani. Na ga daga wajenka ya fito, na ce yaron nan ya yi boko, ba zai turo mini abin da bai bincika ba."

Ba a ce kowane mai maganin gargajiya macuci ne ba, akwai masu gado da sanin ya kamata waɗanda in ciwo ya fi ƙarfinsu su da kansu ke cewa a tafi asibiti. Amma wanda ya ce kwalba uku tana raba mutum da ciwon sukari ya yi ƙarya, domin ciwo ne da ake lallaɓawa da magani da kiyaye abinci. Irin waɗannan mutane a da mota suke ɗaura wa lasifika su tsaya bakin kasuwa, suna zuba maganganun da ɗa ba ya iya saurara gaban mahaifinsa. Mai mutunci in ya ji sai ya ƙara sauri. Yanzu sun gane katun ya fi lasifika, domin lasifika iyakarta bakin titi, katun kuwa mai gida da kansa ke shigar da shi cikin gida.

Akwai doka, ba a ce babu ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin ba da izini kafin a tallata kowane irin magani. Wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, lambar da hukumar ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce kawai ta cewa an gwada an ga ba su da guba a yadda aka ce a sha su. Ba shaida ba ce ta cewa suna warkar da abin da aka lissafa a jikin kwalba, shi ya sa ake tilasta wa masu su rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Sai dai rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, bunsurun katun kuwa ba ya karanta shi. A 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta sauya APCON ta koma ARCON, aka faɗaɗa ikonta ya haɗa da tallar da ake yi ta intanet, ta kuma ce sai an kawo mata talla ta duba kafin a sake ta. A shekarar ce ma ta kai kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ƙara kotu tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ba a tantance ba. To, amma wace hukuma ce za ta iya zama a kowace majalisa daga Bolari zuwa Jekadafari, daga Pantami zuwa Herwagana, ta riƙe babban yatsan kowane saurayi?

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗarta a kan saƙon da ya zo ta hannun masoyi. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, wani saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa yana kare mutum. Kafin asuba uwa ta tashi 'ya'yanta, ɗa ya buga wa mahaifinsa waya daga wani gari. An ba da labarin mutuwar aƙalla mutum biyu, aka kwantar da wasu da dama, daga baya kuma rahotanni suka nuna da wasa aka fara abin. Masu WhatsApp su kansu sun san haɗarin. Bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya, a farkon 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a duk duniya, a 2020 kuma suka ce saƙon da ya sha yawo sai dai a tura shi wuri ɗaya-ɗaya. Wannan ya rage gudu, bai hana tafiya ba.

Yanzu kuwa ga ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ƙara wa Borno dawaki. Abin da a da sai mai zane ya yi makonni yana fama, yau yaro mai waya yana haɗa shi kafin shayi ya huce. Ba zane kaɗai ba, har fuskar mutum da muryarsa ana ara. An sha ganin bidiyon ƙarya da aka sa wa Alhaji Aliko Ɗangote magana a baki yana kiran mutane su zuba kuɗi a wata harka da bai san da ita ba. Waɗanda suka yi kuka a kan MMM a ƙarshen 2016, da waɗanda CBEX ta kwashe wa dukiya a Afrilun 2025, in aka tambaye su wa ya kai su, kaɗan ne za su ce baƙo. Yawanci aboki ne ko ɗan'uwa, wanda shi ma da zuciya ɗaya ya turo.

Kada a ɗauka ana kiran mutanen Bolari su ɗaure fuska ne. Zane mai motsi sana'a ce mai kyau, akwai kuma 'yan ƙasa da suka nuna ana iya yin abin kirki da ita, kamar Adamu Waziri wanda ya fito da Bino da Fino daga Abuja don yaran Afirka su ga masu kama da su a katun. Haka nan mai kilishi ko mai ɗinkin hula da ba shi da kuɗin zuwa gidan rediyo, yau yana iya haɗa 'yar tallarsa ta ban dariya unguwa ta san da shi. Wannan in aka tura ta an yi zumunci, domin shagonsa ga shi nan a bakin layi, wanda ya tura ya ci kilishin ya san daɗinsa, in kuma an sami matsala an san inda za a same shi. Tallar sabulu ko ta taliya ma, in ta yi ƙarya, asarar ba ta wuce ta 'yan nairori. Inda abin ke da nauyi shi ne wurare biyu, abin da za a haɗiya da inda za a zuba kuɗi. A nan ne ya kamata mai turawa ya yi abin da dillalin shanu ke yi: ya tambayi kansa ko ya san mai kayan, ko ya san wanda ya gwada, ko kuwa zai iya tsayawa gaban wanda ya tura wa in abin ya ɓaci. In dariyar ce kaɗai yake so a raba da shi, wayoyin yanzu suna iya datse bidiyo, sai ya yanke wutsiyar da ke ɗauke da suna da lamba, ya tura bunsurun shi kaɗai. In hakan ya faskara, kalma huɗu ba ta cin data: "Ban san maganin ba."

Telan nan har yanzu yana nan a shagonsa, bai kuma daina tara katun ba, don hali zanen dutse ne. Majalisarsu ma tana nan, ana haɗa kai ana dariya kamar da. Abin da ya sauya shi ne, in aka ce masa "tura mini", sai ya miƙa wayar ya ce a kalla a nan a ba shi abarsa. Abokansa suna yi masa tsiya, sun sa masa suna Mai Rowar Dariya. Baffan nasa kuwa ya koma kan ƙwayoyinsa, yana dogara sanda zuwa masallaci. Kwalaben nan uku matarsa ta wanke su tas, biyu tana zuba man gyaɗa, ɗaya kananzir.